Jiri ta Farko

A rukuninmu ba a kiran mutum da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Mu likitoci ne masu neman ƙwarewa a fannin kula da iyali, wato mun gama makaranta amma ba a gama dafa mu ba, kuma muna da wani shafi a intanet da muka gada daga waɗanda suka gabace mu. Don likitan da ke zaune shi kaɗai a ƙaramin asibiti aka yi shi, wanda mara lafiya ke gabansa, ba shi da wanda zai juya ya tambaya. Sai ya zaro wayarsa ya duba abin da zai tambaya, abin da zai gwada, da lokacin da ya kamata ya daina jarumta ya tura mutum babban asibiti. Kowannenmu yana riƙe da fanni guda, kuma da sunan fannin ake kiransa. Akwai Tari. Akwai Basir, bawan Allah, wanda ya amsa sunan har ya daina jin haushi. Akwai ƙawata Ƙaiƙayi. Sai shugabanmu Hawan Jini, wanda duk wanda ya ba shi wannan fannin ya san abin da yake yi.

Ni Jiri aka ba ni. Ban nema ba, mai shi ce ta rasu.

Tana gabana da shekara guda. Zazzaɓi ne ya hau mata kai, kafin a ce me ake ciki an yi jana'iza, Allah ya jiƙanta. Ban santa sosai ba. Na san dariyarta a baranda, na san ta taɓa ara min biro ban mayar ba. Bayan rasuwarta fannin nata ya yi kusan shekara babu wanda ya taɓa shi, kowa yana ratse shi kamar kujerar da aka bar jaka a kai. Da aka ɗora min, sai sunan ya ƙi zama a bakin mutane. Wasu su ce Sabuwar Jiri, wasu su yi gyaran murya su ce "ke". Ni kuwa haushi nake ji, don ban kashe kowa ba.

Rubutunta mai kyau ne, wannan ba zan hana ta ba. Amma abin da ya fi jan mutane a fannin shi ne wani ɗan gajeren bidiyo. Akwai wani irin jiri da ke kama mutum idan ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai, ɗaki ya riƙa juyawa da shi. Wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar yashi ke ɓacewa a can cikin kunne, su faɗa inda ba nasu ba. Maganinsa ba allura ba ne, ba ƙwaya ba. Kwantar da mutum ake yi, a riƙe kansa, a juya shi daki-daki har yashin ya koma mazauninsa. Sai dai dole a fara ta gefen kunnen da ke da matsalar. Idan aka fara ta ɗaya gefen, an wahalar da mutum a banza, wani ma har da amai, ya tashi da jirinsa ya tafi gida.

A bidiyon ana ganin gadon duba marasa lafiya, da taga, da wani dattijo mai furfura a zaune. Sai ta shigo, ta leƙa kyamara, ta gyara mayafinta, ta ce za ta nuna yadda ake yi idan kunnen dama ne. Ta kama kan dattijon da hannu biyu ta kwantar da shi.

"Baba, kar ka rufe ido, ina so in ga idonka."

"To, likita," in ji shi.

Sai ta yi dariya, ta ci gaba.

Babanta ne na gaske. Likitan iyali ne a wani ƙaramin gari, kuma shi ne mai duba fannin Jiri. Ƙa'idarmu ce kowane fanni yana da gogaggen likita a bayansa, ba a ɗora abu ko a canza shi sai ya gani ya amince. Ƙaiƙayi ce ta nuna min wani abu da na so a ce ba ta nuna min ba. Shafin yana nuna mana garuruwan da ake buɗe shi, kuma kowace safiya, kafin lokacin buɗe asibiti, ana kallon bidiyon nan sau ɗaya daga garin nasa. Ranar aiki, ranar hutu, duk ɗaya.

Ni ma na kalle shi fiye da kima. Da farko don in koya ne, daga baya ban san dalili ba. Muryarta tana da wata 'yar jan ƙarshen magana, kamar mai rarrashi. Wata rana ina duba wata mata, na riƙe kanta, sai na ji bakina ya ce, "Kar ki rufe ido, ina so in ga idonki," da wannan jan daidai. Nas ɗin da ke haɗa kaya a bayana ta juyo da sauri har almakashi ya faɗi. Ta daɗe tana aiki da mamaciyar. Tsikar jikina ta tashi, kuma ranar ban iya cin abincin rana ba.

Kuskuren kuwa Ƙaiƙayi ce ta ji shi a wuyanta. Muna ɗakin hutawa bayan la'asar, na ce ta kwanta in gwada hannuna a kanta. Na jingina waya a kan tebur, na kunna, ina bin hannuwan Jiri ta farko.

"Ke, dakata," in ji Ƙaiƙayi. "Ta ce dama, kina murɗa ni hagu."

"Yadda ta yi nake yi."

"To ɗayanku ba ta san damarta ba. Sake min kai, ba aro na yi ba."

Muka mayar da shi baya. Muka sake mayarwa. Bakinta yana cewa dama, hannuwanta suna kai kan dattijon hagu. Na ce ba zai yiwu ba, yarinyar da ta rubuta wannan fannin ba za ta yi irin wannan shirme ba. Sai Ƙaiƙayi ta sa yatsa a kusurwar hoton, can bayan gado, inda allon gwajin ido yake rataye a bango. Haruffan duk a juye suke. Ashe ba ta sami mai riƙe mata waya ba ne, ta jingina ta a kan kanta, ta kunna kyamarar gaba don ta riƙa ganin kanta, wayar kuma ta ajiye hoton kamar madubi. Ita daidai ta yi. Mu ne muke kallon ta a juye, mu da duk likitan da ya taɓa buɗe shafin.

Yadda aka yi babu wanda ya lura, na daɗe ina tunani. Dama da hagun wanda ke fuskantarka abu ne mai rikitarwa ko a ido biyu. Waɗanda kuma suka san ta, ba hannuwanta suke kallo ba.

Hawan Jini bai bari na gama bayani ba.

"A sauke shi."

"Yallaɓai, ka san wanda ke kallonsa kullum."

"Na sani. Na kuma san likita yana kashe sauti idan mara lafiya na gabansa, hoto kawai yake bi. Kin duba akwatin tambayoyi? Mutum nawa suka rubuto cewa sun yi bai yi aiki ba, muka ce su sake gwadawa? Wata tsohuwa tana can ta koma gida da jirinta, ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, sai mu ce mata me? Muna jin nauyin wani ne?"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na zauna a gabansa na buɗe kwamfutata, na juya bidiyon. Ba wani aiki ba ne, dannawa biyu ne. Haruffan allon suka miƙe, kan dattijon ya tafi dama yadda bakinta ya ce. Na tura masa ya gani, ina jin kaina kamar wadda ta ceto wani daga rijiya.

Ya kalla, ya sosa gemu. Ya ce tsohon bidiyon ya rufe shi daga yanzu, wannan ba ya buƙatar izinin kowa. Gyararren kuma sabon abu ne, ba zai hau ba sai mai duba fannin ya gani ya amince. Idan bai amince ba, sai in nemi wani in ɗauki nawa bidiyon, a wuce wurin.

Washegari da safe na buɗe akwatin tambayoyi, na tarar da saƙo guda daga garin baban mamaciyar. Babu gaisuwa, babu suna.

"Jiri, bidiyon ba ya buɗewa."

Na daɗe ina kallon layin nan. Ban san wace Jirin yake wa magana ba, kuma tsoro ya hana ni amsawa a rubuce. Na roƙi Ƙaiƙayi ta riƙe min marasa lafiyata, ta ce sai na riƙe mata aikin ranar hutu biyu, na ce Allah ya isa, na shiga mota.

Asibitin nasa gida ne aka mayar. Baranda mai benci biyu, sikeli a bakin ƙofa, kalandar kamfanin magani wadda shekararta ta wuce. Na zauna a layi tsakanin wata mai goyo da wani tsoho mai kumburarriyar ƙafa, wanda ya tambaye ni me ke damuna. Na ce jiri. Ya ce in rage shan shayi.

Sai da layin ya ƙare aka ce in shiga. Ina sa ƙafa a ɗakin na kama bakin ƙofa. Na san ɗakin nan kamar ɗakin kwanana, na san gadon, na san tsagar da ke jikin fentin bango, amma komai ya koma ɗaya gefen. Tagar da na saba gani a hagu tana dama. Kaina ya yi wani irin juyi, na ji kamar na shigo ta bayan madubi, kuma wallahi sai da na duba wajen kantar magunguna, inda ya kamata ta tsaya tana gyara mayafi.

Dattijon yana wanke hannu. Ya fi yadda yake a bidiyo rama. Ya juyo ya dube ni.

"Ke ce Jiri."

Shi ne mutum na farko da ya faɗi sunan bai yi tuntuɓe ba. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyyar da ta makara. Ya nuna min kujera, ya tambayi hanya, ya tambaya ko Basir har yanzu Basir ne. Sannan ya tambayi abin da ya kawo ni.

Na yi masa bayani, tun daga wuyan Ƙaiƙayi har allon gwajin ido. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Kaina ne a hannunta. Ni na duba, ni na amince." Ya faɗa ne a hankali, kamar mai karanta sakamakon gwajin wani. Na yi saurin cewa ko me ya faru zan tura masa bidiyon a wayarsa, ba zai rasa shi ba.

"Ina da shi a waya, 'yata. Ina da na bikin gama makarantarta, ina da wanda take faɗa da kyanwa. Waɗannan duk na wadda ta rasu ne." Ya goge hannunsa da tawul, ko da yake ya riga ya bushe. "Na shafin nan daban ne. A can aiki take yi. Yanzu haka wani yana wani ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba, Auta tana nuna masa yadda zai riƙe kan uwar wani. Da safe nakan leƙa ne in ga ta fito aiki, sannan in buɗe nawa."

Na buɗe kwamfuta na ajiye a kan teburinsa, na ce ai shi ya sa na zo, an gyara, babu abin da aka yanke, amincewarsa kawai ake jira. Na kunna.

Ta shigo, ta leƙa kyamara, ta gyara mayafi. Ina kallon fuskarsa ina jiran ya saki rai. Sai na ga ya ja baya.

"Wannan ba ita ba ce."

"Baba, ita ce. Juya hoton kawai na yi."

"Kin taɓa mata fuska. Dubi bakin, ya karkace. Auta ba haka take murmushi ba."

"Wallahi ban taɓa komai ba."

"Na ce miki ba ita ba ce." Ya tura kwamfutar gefe da bayan hannu. "Ba zan sa sunana a kan wannan ba. Ku mayar da wancan, ku rubuta gargaɗi a ƙasa."

Na san Hawan Jini ba zai mayar ba, ko sama da ƙasa za su haɗu. Idan na fita ɗakin nan haka, shi ke nan, Jiri ta farko ta bar aiki, kuma ni ce zan tsaya a gaban kyamara a madadinta. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya cika ni, na rasa wanda zan bi. Ban iya rarrashi ba, ban taɓa iyawa ba. Na jawo kwamfutar na mayar gabansa, na tsayar da hoton.

"Baba, ka yi haƙuri. Bar fuskar. Dubi taga."

Ya dubi tagar cikin hoton. Ya ɗago ya dubi tagar ɗakinsa. Gefe ɗaya suke. Na nuna masa allon, ya karanta harafin sama a hoto, ya juya ya karanta shi a bango. Ya dubi ƙofa, ya dubi gado. Ya yi ta kai ido yana dawowa, har na ga ya dafa tebur. A tsawon watannin nan kullum yana kallon ɗakin da yake zaune a ciki a juye, bai taɓa gani ba.

Da kansa ya sa yatsa ya ci gaba da bidiyon. Ta kama kansa da hannu biyu. Ya tsayar. Ya matso da fuskarsa har gilashinsa ya kusa taɓa allon kwamfutar. A bayan hannunta ɗaya, kusa da babban yatsa, akwai wani ɗan tabo mai sheƙi, wanda ni ban taɓa kula da shi ba.

"Wane hannu ne wannan?" ya tambaya.

Na juya jikina na tsaya yadda ta tsaya, don ni ma ban yarda da kaina ba kuma. "Hagu ne."

Ya cire gilashin ya ajiye. A waje ana jan benci, mai shara ta fara aiki.

"Dutsen guga ne," ya ce. "Tana rarrafe. Ina wurin aiki, mamanta ce a gida. Ita ta ɗauke ta, ita ta yi ta sa mata magani har ya warke. Bayan rasuwar, wata rana muna zaune, sai mamanta ta ce tana ta ganin hannun Auta na hagu a mafarki, mai tabon. Na ce dama ne. Ta ce hagu. Na ce dama, kullum ina ganinsa. Muka yi ta yi kamar yara. Na ɗauko waya na buɗe shafinku na nuna mata, na ce ga shi nan, ki daina musu da ni."

Ya murza idanunsa da yatsu biyu.

"Ta kalla. Ta ce, ashe har na fara manta 'yata. Tun ranar ba ta ƙara ambaton sunanta ba. Ko baƙi suka zo suka ɗauko zancen, tashi take ta shiga ɗaki. Ni kuma na ɗauka haƙuri ne ya zo mata."

Na sunkuyar da kai. Kuka ya taso min, na danne, don ba nawa ba ne.

Ya mayar da gilashinsa. Ya jawo kwamfutar, ya mayar da bidiyon zuwa farkonsa, ya kalle shi har ƙarshe, wannan karon kamar mai duba aikin ɗaliba. Ya bi kowane juyi da ido, leɓɓansa suna motsi. Da ya ƙare ya ce in nuna masa inda ake amincewa. Na buɗe masa, ya shigar da kalmar sirrinsa da yatsa ɗaya, ya danna.

"Har yanzu baƙuwa ce a idona," ya ce. "Zan saba."

Sai ya ɗauki wayarsa. Na miƙe zan ba shi wuri, ya yi min alama da hannu in zauna. Ta yi ta ringi har na ɗauka ba za a ɗaga ba. Ɗakin shiru, ina jin muryar matarsa sarai da ta amsa, tana tambaya ko lafiya, ko ya fasa dawowa cin abinci ne.

"Kina ji na?" ya ce. "Hagu ne."

"Mene ne hagu?"

"Hannun Auta. Ke ce da gaskiya. Bidiyon ne a juye, yanzu aka gyara. Ba ki manta komai ba."

Ina jin ƙarar ruwa yana zuba a wani abu a can gidan, yana ta zuba, babu wanda ya rufe famfon. Ya riƙe wayar da hannu biyu. Can sai muryar ta dawo, a dushe.

"Ka taho min da ita in gani."

Ya ce to. Ya ajiye wayar, ya rufe kwamfutata a hankali, ya ɗauke ta ya rungume a ƙirji. Ya laluba aljihu ya ciro makullin mota, ya kai bakin ƙofa, sannan ya tuna da ni ya juyo.

"Jiri, za ki raka mu?"